Jinin Ilu da Rabin Ɗigo

Aminu, Safiya, Bilkisu, wannan babin naku ne fiye da sauran, kuma shi na fi daɗewa ina kewayewa. Kun tashi kuna jin magana ɗaya a gidanmu na Ƙofa, daga bakin gwaggonku Asabe da matan maƙwabta, wai jinin Baffanku Ilu ne ya kashe mahaifiyarku. Ba ku taɓa tambayata ba, ni kuma ban taɓa gyara muku ba. Yanzu da ido ya fara rauni, hannu yana rawa a kan biro, zan faɗa muku yadda abin ya kasance, don ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka sani.

A farkon shekarun casa'in ina aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don asibitin bai yi laifin komai ba. Ɗaki ne guda, da tagar da ba ta rufuwa, da madubin duba ƙwayoyin cuta, da firiji mai kananzir da muke tarayya da masu allurar rigakafi. Ni ne shugaba, ni ne mataimaki, ni ne mai wanke kwalabe. Inna, kakarku, da yake ni ne ɗan farinta ba ta kiran sunana, sai ta ce Likita, ni kuwa ban taɓa wahalar da kaina wajen gaya mata cewa ni ba likita ba ne. Ina son sunan. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai, ba na ɗaukar gyara, kuma duk wanda ya yi aiki da ni zai gaya muku bakina ya fi allurata kaifi.

Kafin a ƙara wa mutum jini, dole a duba jinin mai bayarwa ko yana ɗauke da ciwon hanta, irin wanda ake wa laƙabi da B. Mugun abu ne, don mutum zai yi shekaru yana ɗauke da shi yana noma yana cin tuwo, bai san komai ba, amma idan jininsa ya shiga jikin wani sai ya tashi. Hanyoyin dubawa biyu na sani a wancan zamani. Ta farko ita ce tamu ta ƙauye, gwajin faranti. Idan jini ya kwanta a kwalba, wani ruwa garai-garai yana tasowa samansa. Za ka ɗiga wannan ruwan a kan baƙin farantin gilashi, ka ɗiga masa wani farin sinadari mai kama da madara, ka gauraya, ka riƙa karkata farantin a hankali na 'yan mintuna. Idan akwai cutar sai haɗin ya yi tsaki-tsaki kamar an barbaɗa tsakin masara. Idan babu sai ya tsaya sumul. Ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ya cin lokaci, idonka ne alƙali. Ta biyu sai a Kano, gwajin Elaiza. Shi faranti ne na roba mai ƙananan ramuka a jere kamar gidajen dara. A zuba, a jira, a wanke, a ƙara wani sinadari, a sake jira, har kusan wuni. Ramin da ke da cutar sai ya rine ya koma ruwan ɗorawa, na'ura ta karanta. Kowa a sana'armu ya san Elaiza ya fi faranti gani, yana kama cutar ko kaɗan ce a jini. Amma macen da jini ke zuba mata a Doguwa ba ta da wunin da za ta jira Kano.

Matsalarmu ita ce sinadarin faranti ba ya isa. A kawo 'yar kwalba guda, sai ka yi wata da watanni ba ka ga wata ba. Takardar da ke cikin kwalin ta ce a yi ɗigo ɗaya cikakke daga bakin kwalbar, kuma kowace safiya a fara gwada shi da wani ruwa da aka san yana da cutar, don a tabbatar sinadarin yana aiki. Ni sai na ga wannan almubazzaranci ne na waɗanda ba su san rashi ba. Na ɗauki bututun gilashi, na kara shi a harshen fitilar sifirit, na ja shi ya yi siriri, ya zama yana fitar da ɗigon da bai wuce rabin na kwalbar ba. Da shi nake ɗiga sinadarin. Gwajin safe kuwa na daina, don yana cin ɗigo a banza. Kwalbar da take ƙare wa wasu a wata guda, ni takan kai ni wata biyu har da ɗoriya. Ba ni kaɗai ke wannan dabara ba, da yawa cikinmu suna yi, amma ni har alfahari nake yi da ita. Bututun nan a cikin kwanson biro nake ajiye shi, a aljihun gaba. Abu ɗaya mai kyau da na riƙe daga wurin malamina shi ne duk wanda ya ba da jini sai na ajiye ragowar ruwan jininsa a 'yar kwalbar allura, na rubuta suna, na tura can cikin ƙanƙarar firiji.

Bilkisu, an haife ki a farkon damina, ranar kasuwa, da hantsi. Kin faɗo lafiya, amma jini ya ɓalle wa mahaifiyarki Hajara. Ina ɗakin gwaji nas ta shigo a guje ta ce likita na neman ledar jini ɗaya, yanzu-yanzu. Ba mu da ma'ajiyar jini. A wurinmu dangin mara lafiya ne ke bayarwa, kuma mutanenmu ba sa son jinin bare ko da an samu. Nawa bai dace da nata ba, na daɗe da sanin haka. Allah ya sa a ranar Ilu ya zo daga Ƙofa ya kawo mana buhun masara, yana zaune da Inna a ƙarƙashin dalbejiyar asibiti. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomi, ƙato, mai yawan dariya, kuma tsakaninsa da Hajara akwai wasan nan na ƙanin miji, kullum yana ce mata marowaciya. Kafin in gama magana ya naɗe hannun riga.

“Yaya, ɗebi yadda kake so,” in ji shi. “Ai ni na fi ku jini duka gidan.”

Inna ta ce, “Likita, ka ɗauki na ɗan'uwanka. Jinin gida ya fi.”

Na duba rukunin jininsa, ya dace da nata. Na zaro bututuna, na ɗiga rabin ɗigona, na karkata faranti a bakin taga inda haske yake. Na cika mintunan, wannan kam ban rage ba. Haɗin ya tsaya sumul. Na ce lafiya lau. Da hannuna na ɗebi jinin, da hannuna na kai ledar ɗakin haihuwa tana da ɗumi. Kafin la'asar Hajara ta buɗe ido ta nemi ruwa. Ranar suna Ilu ya tsaya a ƙofar ɗaki yana tsokanarta.

“To, marowaciya, yanzu jinina ke yawo a jikinki. Daga yau cinyar kaza tawa ce.”

Ta ce, “Shi ya sa tun ranar nake jin ƙyuya. Ashe jinin rago aka sa mini.”

Ta gama wankan jego, ta yi arba'in, ta yi ƙiba har mata na yi mata barka. Sai da aka fara yankan gero ta soma cewa abinci ba ya mata daɗi, ƙaurin mai yana tayar mata da zuciya. Na ce gajiyar shayarwa ce. Wata safiya tana miƙo mini koko na kalli idonta na ga ya yi ɗorawa. Inna ta ce shawara ce, ta aika aka saro saiwar rawaya aka jiƙa. Ni na san shawara iri-iri ce, na kuma ƙirga watanni a zuciyata, amma na ture lissafin gefe. Cikin mako guda ta daina gane mutane. Ta kalli Aminu ta kira shi da sunan yayanta da ya rasu tun tana yarinya. Muka ɗauki shatar mota zuwa wani babban asibiti a Kano, kanta a cinyata tun daga Tudun Wada har muka shiga gari. Kwananta huɗu a can. A rana ta biyar, bayan azahar, ta cika. Ban taɓa jin duniya ta yi mini faɗi irin na ranar ba, kuma har yau idan na tuna sai in ajiye abin da ke hannuna.

A ɗakin gwajin wannan asibiti akwai abokin karatuna, Dauda, mutum mai sanyin magana wanda muke wa dariya a makaranta saboda bin takarda sau da ƙafa. Shi ya gwada jinin Hajara da Elaiza tun ranar da muka zo. Da ya zo mini gaisuwa ya ja ni gefe.

“Habu, ciwon hanta ne, kuma sabon kamu. An ƙara mata jini kwanan nan?”

Na ce, “An ƙara. Ni na gwada da kaina. Lafiyayye ne.”

“Da faranti?”

“Da me kake so in gwada a ƙauye?”

Bai yi musu ba. Ya ce idan na ajiye ragowar ruwan jinin in kawo masa. Bayan sadakar bakwai na koma asibitinmu, na tono kwalbar Ilu daga ƙanƙara, na haɗa da na wasu da na taɓa sallama a kan lafiyayyu ne, na jera kwalaben a filas mai ƙanƙara. Na ɗauko har da kwalbar sinadarina. Niyyata in nuna wa Dauda cewa kayan da ake turo mana ne ba su da kyau, in samu wanda zan zaga. Da wannan fushin na hau motar Kano.

Muka zuba Elaiza da safe, muka zauna jira. Da rana ta karkata ramin Ilu ya rine, ba ma sai na'ura ta faɗa ba. Wasu 'yan ramuka cikin sauran su ma suka rine. Ku yi mini afuwa, abin da na fara ji sauƙi ne. Na ce wa Dauda to ga shi nan, faranti makaho ne, mu aka bari da makahon gwaji ana kashe mana mutane. Dauda ya ce bari mu gani. Ya ɗauko baƙin faranti, ya karɓi kwalbar sinadarina, tawa ta ƙauye, ba tasu ba. Ya bi kwalaben da Elaiza ya kama ɗaya bayan ɗaya, yana ɗiga cikakken ɗigo yadda takarda ta ce. Ta farko sumul. Ta biyu sumul. Ya ce waɗannan cutar ta yi ƙaranci a cikinsu, faranti ba zai taɓa ganinsu ba ko wa ya gwada, sai Elaiza. Ina tsaye ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ta Ilu tana cikin irin waɗannan. Ya ɗiga ta Ilu, ya karkata, ya karkata. Ana saura kaɗan lokaci ya cika sai tsaki ya fara fitowa daga gefe, siriri amma a fili, ko ɗan koyo zai gani.

Dauda ya ɗago kai. “Wannan faranti ya kama shi. Yaya aka yi ya wuce ka?”

Na zaro kwanson biro daga aljihu, na fito da bututuna, na ɗiga ruwan jinin Ilu a gefen nasa, na ɗiga rabin ɗigona. Na karkata har lokaci ya cika ya wuce. Sumul. Na goge na sake. Sumul. Ga su nan gefe da gefe a faranti ɗaya, jini ɗaya, kwalbar sinadari ɗaya, nasa da tsaki nawa babu. Dauda ya kalli bututun, sannan ya kalle ni.

“Ba zan rubuta ba, Habu, ba kuma zan faɗa wa kowa ba. Abin da ya same ka ya ishe ka. Amma ka bar mini wannan abin a nan. Kuma ƙanenka dole ya sani, saboda matarsa da yaransa.”

Na bar masa bututun. A mota, daga Kano har Bebeji inda Ƙofa take, ina shirya yadda zan faɗa wa Ilu, kuma wallahi da niyyar faɗin gaskiya duka na sauka. Na same shi a zaure yana gyaran lauje, Inna na zaune daga ciki a bakin ƙofa tana tsinkar zogale, Asabe na goye da Bilkisu, don ita ta karɓe ki bayan rasuwar. Na ce masa an gwada jininsa a Kano an ga yana ɗauke da ciwon hanta, kuma irinsa ne ya kama Hajara. Ya ajiye laujen a hankali.

“Yaya, amma ai ka gwada ni. A gabana ka gwada.”

A nan ne ya kamata in faɗa. Na kalli Inna, wadda ta tsayar da hannu tana jiran abin da Likitanta zai ce. Sai na ji bakina yana cewa, “Gwajinmu na ƙauye ba ya gani sosai. Sai na'urar Kano.”

Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa ta fita da sauƙi. Amma a kan jinin Ilu ƙarya ce, kuma na sani.

Asabe ta ɗora hannu a ka. “Innalillahi! Ashe da jininsa ya kashe ta!”

Inna ta ce ta rufe baki, amma magana ta riga ta fita. Kafin sati ta gama gari. Na yi ta bayani cewa cutar ba a ɗaukarta ta kwano ko gaisawa, ba wanda ya saurara, ni kuma ban matsa da bayanin yadda ya kamata ba, don duk lokacin da ake maganar jinin Ilu ba a maganar hannuna. Aka ware masa kwanon tuwo da moɗar shan ruwa. Wanzamin da ke masa aski tun yana yaro ya ce asakensa sun dakushe. A masallaci sai ka ga gefensa da ɗan fili. Dangin Hajara suka zo daga Kiru, suka gaisa da kowa suka tsallake shi. Mutumin da dariyarsa ke cika gida ya koma shiga da fita kamar baƙo. Bai taɓa kare kansa ba. Da aka gama girbi ya sayar da awakinsa, ya kwashi matarsa Lami da yaransa ya koma wani ƙauye bayan Doguwa, a gindin duwatsu, inda wani Bafulatani abokinsa ya ba shi aron gona. Ranar tafiyar ya durƙusa gaban Inna, ta fashe da kuka. Ni ina tsaye na taya shi ɗaura kaya a mota.

A wurin aiki na koma cikakken ɗigo da gwajin safe. Kada ku ɗauka wannan ya zo a kyauta. Sinadari ya riƙa ƙare mini a tsakiyar hanya, kuma idan ya ƙare sai in ƙi ɗibar jini, in ce a tafi Kano. Likita ya sha yi mini ihu a gaban mutane, dangin marasa lafiya sun sha zagina, kuma akwai waɗanda aka ɗora a mota ban sake jin labarinsu ba. Na yi ta rubuta takarda ina roƙon a riƙa aika jininmu a tabbatar da Elaiza, har aka sa mini suna mai naci. Mutane suka ce rasuwar matata ce ta sa na zama mai tsauri, suna yaba mini. Ina karɓar yabon.

Bayan shekara shida wani direba ya kawo saƙo cewa Ilu na kwance yana nemana. Na hau mota zuwa Doguwa, daga nan na hau babur muka bi hanyar daji, na isa da la'asar. Na same shi a kan tabarma a inuwar rumbu. Cikinsa ya kumbura, hannuwan nan da ke ɗaga buhu sun zama kamar kara, idonsa ɗorawa. Kallo ɗaya na san cutar ta cinye hantar, ba sauran abin yi. Lami ta kawo mini ruwa ta koma ciki. Ya kama hannuna, sai kuma ya yi saurin saki, kamar ya tuna ba a son taɓa shi. Na kamo hannun na riƙe.

“Yaya, na gode da ka zo. Ban yi zaton za ka zo ba.”

Na ce, “Haba Ilu, me zai hana?”

“Shekara shida ban yi barci mai daɗi ba. Kullum ina ganinta tana miƙo mini abinci. Da na san abin da ke jikina, wallahi da ban miƙa hannu ba. Na raba ka da matarka, na mayar da yaranka marayu.” Ya huta, numfashi na yi masa wuya. “Ba na son in je gaban Allah da wannan. Ka yafe mini. Ka roƙar mini yaran idan sun girma.”

Ba kowa a wurin sai ni da shi. Ba Inna, ba Asabe, ba wanda zan ji kunya. Magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba, kuma da na faɗe ta da ya tafi da sauƙin zuciya. Na buɗe baki. Na tuna zai tambaye ni me ya sa na bari aka ware masa kwano, me ya sa na taya shi ɗaura kaya. Na ji tsoron idonsa.

Na ce, “Na yafe maka.”

Ya rufe ido ya ce alhamdulillahi, ya ce dama ya san ni mai zuciyar kirki ne. Bayan kwana tara ya rasu. Aminu, kana da shekara goma sha bakwai a lokacin, na ce ka zo mu je gaisuwa ka ce ba za ka je ba, ni kuma ban tilasta maka ba.

To, ga saƙon da ya ba ni na isar muku, bayan shekarun da ba na son ƙirgawa. Ya ce ku yafe masa. Ni kuma ina gaya muku ba ku da abin da za ku yafe masa. Bai san yana ɗauke da komai ba, an ce ana neman jini ya naɗe hannun riga. Wanda aka ɗora wa dubawa ni ne, kayan aikin da ke hannuna a ranar sun isa su kama cutar, ni na rage su da dabarata. Hajara ta tafi a kan kuskurena, wannan ina fatan Allah ya dubi niyya. Abin da na yi wa Ilu kuwa ba kuskure ba ne, ina sane na yi shi, sau biyu.

Lami na nan da rai a wancan ƙauye, ta tsufa, 'ya'yanta sun girma suna sunkuyar da kai idan an ambaci sunan Ƙofa. Ba na so ta ji wannan daga takarda. Aminu, idan ka gama karantawa, in har za ka iya zama da ni a mota ɗaya, ka zo ka kai ni.